Jinin da Za a Ƙara wa Haulatu

Litinin, 6 ga Mayu 1991, bayan la'asar

An kwantar da Haulatu, matar Yaya Rabe. Cikinta wata takwas. Tun satin jiya ƙafarta ta kumbura har silifa ba ya shiga, in ta tashi daga bakin kaskon ƙuli-ƙuli sai ta dafa bango. Likita ya ja fatar idonta ƙasa, na leƙa, fari fat kamar cikin rogo. Ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, kuma yaron a gicciye yake, sai an yi tiyata. Ba za su sa mata wuƙa ba sai dangi sun kawo jini leda biyu.

Mu ma biyu ne, ni da Yaya. Na ga abin ba shi da wuya.

A bakin ƙofar asibiti akwai wasu maza da ke zama a gindin mangwaro. Ɗaya ya biyo ni yana cewa, "Mala, jini? Kowane iri akwai." Bakinsa warin ogogoro. Wa ya gaya masa jini muke nema? Daga ɗakin likita zuwa ƙofa ban yi magana da kowa ba.

Da na ba Inna labari ta ce, "Ba za a ɗura wa jikana jinin mashaya ba. Yaro jinin da ya sha a ciki shi yake bi. Na gida ko babu."

Haulatu kuwa ko a kwance ba ta bar tsokana ba. Ta ce, "Maharazu, in naka aka sa min kada fa in tashi ina zaɓen goro, ina magana ɗaya a yini."

Na ce mata da gidan ya huta.

Talata, 7 ga wata, da hantsi

Inna ta aika an kira Ɗanbaba wanzami, shi ya yi mana askin suna ni da Yaya duka. A ganinta kowane jiki akwai mataccen jini a ciki, gara a yi mana ƙaho a fitar da shi, abin da ya rage mai kyau shi za mu kai. Ta ce da ni, "Kai da kake zaɓen goro, ka taɓa ɗaure huhu ba ka fitar da ruɓaɓɓe ba?" Ban taɓa ba. Maganar ta shige ni.

Yaya ya fara zama, shi ne babba. Ɗanbaba ya kafa masa ƙaho a baya da ƙeya yana ta surutu, wai jinin masu bin mota zuwa Arewa warin gas yake, ko ƙuda ba ya so. Muna dariya. Sai babban yatsansa ya tsaya a ƙarƙashin muƙamuƙin Yaya. Ya koma ɗaya ɓangaren, ya tsaya. Ya taɓa bayan kunne. Surutun ya mutu.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Yaya ya ce, "Me?"

"Kaluluwar nan."

"Haƙori ne."

Jiya da wannan haƙorin ya ci tsire, ina kallo. Ni na san kaluluwa. Lokacin da ƙusa ta soke ni a ƙafa ta fito min a matsematsi, da ƙafar ta warke ta tafi. Ba ta fitowa haka kawai, sai in jiki yana faɗa da wani abu a kusa. Yaya ba shi da rauni ko maruru, kuma tasa hagu da dama ce.

Da aka gama masa na zauna. Ɗanbaba ya goge askar a tsumma, ya ɗauraye ƙahonin a ƙwarya, ruwan ya riga ya yi ja. Bai yi min wasa ko ɗaya ba.

Laraba, 8 ga wata, bayan azahar

Mun je. Matar da ke ɗakin ɗibar jini Bayarabiya ce, gajera, da tabarau a wuya, kowa Sista yake ce mata. Ta soki yatsan kowannenmu ta ɗiga jinin a kwalbar wani ruwa shuɗi. Na Yaya ya nutse. Nawa ya tsaya a tsakiya yana yawo kamar bai san inda za shi ba.

Sai ta hango tsagar ƙeyata. Ta sa na cire riga. Ta riƙe haɓa ta yi ta faɗa da Yarbanci, ta ɗauka ba na ji. Ta ce mutanen nan an ce su kawo jini sun je sun zubar wa kaji. Na amsa mata da Yarbanci na ce mai datti muka zubar. Ta dube ni ta ce, "Aburo," wato ƙane da yarensu, "jini ba shi da bola. Wanda ya fita ta bayanka shi ne wanda yake cikin zuciyarka, zagayawa yake yi."

Ta ɗebi kaɗan a 'yar kwalba daga hannun kowa, wai na gwaji. Ta ce Yaya ya koma jibi. Ni sai tsagar ta warke jinin ya dawo, kamar sati biyu.

Me za su yi da 'yar kwalbar tawa tunda sun ce nawa bai kai ba?

Juma'a, 10 ga wata, bayan magariba

Yaya ya hana ni raka shi. Bai zo masallaci ba. Ya dawo wajen la'asar ya ce wa Inna sun ɗiba. Ta yi hamdala, ta dama masa fura ya mayar da abin da ya fita. Bai sha ba.

Da zai yi alwala ya naɗe hannun riga. Na duba na dama, na duba na hagu. Tabon allurar shekaranjiya ne kaɗai.



Asabar, da safe

Na tambayi Sista, saura ɗaya ko? Ta ce saura biyu.

Lahadi, 12 ga wata, da yamma

Na yi ta juya abin ina sauya wa goro ganye. Ko dai Sista ta ɗiba ta ɓoye, don a matse mu mu koma wurin mutanen gindin mangwaro, su raba. Amma da ta ɗiba da akwai tabo. Ko dai Yaya tsoron allura ya yi ya gudu. Mutumin da ya ɗinke tafin ƙafarsa da zare a hanyar Jebba ba zai ji tsoron allura ba. Ko dai sun haɗa baki su biyun. A kan me?

Abdulsalam, abokin aikina da muke ɗaurin huhu tare, Bayarabe ne, mutanensu Salami suke ce masa, ya ce in bar tunani in ci abinci. Uwarsa ta matse min ganyen ugu, irin na miyarsu, a kwalba, a zuba madara a sha. Kore shar, ɗanɗanonsa kamar mutum ya lashi bangon rijiya. Na shanye. Na ci hanta rabin dahuwa. Inna ta ƙara da zogale.

Ya ce, "Ka bari in je in ba su nawa mana, a wuce wurin."

Na ce Inna ta ce na gida.

Ya ce, "Nawa ma salla biyar yake yi kamar naku. Barkono ne dai ya yi masa yawa."

Na yi dariya amma na ce a'a.

Talata, 14 ga wata, da safe

Na ja fatar idona a madubin mashin ɗin maƙwabci. Ta fara ja kaɗan. Ko idona ne yake so ya ga haka.

Laraba, 15 ga wata, bayan la'asar

Yau na ji abin da bai yi min daɗi ba. Wani mai shara a asibiti ya ce min jinin da dangi suke bayarwa ba shi ake sa wa mara lafiyarsu ba. Firji ake kai shi. Jini iri-iri ne, in aka sa wa mutum wanda ba irinsa ba sai ya kashe shi, ko da na ɗan'uwansa ne. Sai su duba cikin firji su ɗauko wanda ya dace, naka kuma ya zauna yana jiran wani.

To ashe ko na bayar ba lalle ya shiga jikin Haulatu ba. Ina zai je? Jikin wa? Kuma wanda za a sa mata na wane ne?

Ban gaya wa Inna ba. Ina ci gaba da shan ugu.

A gida Yaya ya ɗaura wa wani kofin roba zare a hannu, da shi kaɗai yake shan ruwa. Da na kawo mana tuwo a kwano ɗaya kamar kullum sai ya ce ya ci a tasha. Wandonsa ya ƙara masa rami a bel. Da ƙusa ya huda, na ga ƙusar a kan taga.

Alhamis, 16 ga wata, da azahar

Na kai wa Haulatu kunu. Ina fitowa na hango Yaya yana fitowa daga ɗakin Sista. Da safe fa ya ce min yau yana tashar Ojoo ana lodi. Na laɓe bayan motar asibiti. Ya daɗe tsaye a baranda yana murza hularsa, sannan ya zagaya ta bayan ɗakin mata, ya tsaya jikin taga yana leƙen Haulatu. Bai shiga ba. Ya wuce ta gaban mutanen gindin mangwaro, ɗaya ya yi masa magana, ya tsaya ya amsa.

Ina jin na gane. So yake ya saya a ɓoye, Sista ta rufa masa asiri, a ce wa Inna nasa ne. Amma me ya hana nasa?

A bangon barandar nan akwai wata takarda mai hoton mutum duk ƙasusuwa, da jan rubutu. Kullum a ƙarƙashinta nake zama. Yau na koma wancan bencin.

Juma'a, 17 ga wata, kafin masallaci

Na je aski wurin Ɗanbaba da gangan, gashina bai taru ba. Ya buɗe zabira na leƙa. Askar nan mai ƙotar ƙashi da ya gada wurin ubansa, wadda ya yi mana ƙaho da ita, babu. Sabuwa ce fil.

Na ce, "Baba, ina tsohuwar?"

Ya ce, "Ta gaji."

"Aska tana gajiya?"

"Kai dai sunkuyar da kai, ɗan nema."

Yana aski yana riƙe min wuya fiye da yadda aski yake buƙata. Yatsansa ya bi ƙarƙashin haɓata, ya bi bayan kunne, a hankali, kamar yadda nake taɓa goro in ji ko ya yi laushi a ciki. Sai ya ce, "Ba komai." Ni ban tambaye shi ba.

Ya ƙi karɓar ladan aski.

Asabar, da asuba

Na taɓa wuyana. Ba komai.

Lahadi, 19 ga wata, da yamma

An mayar da gadon Haulatu can lungu kusa da taga. Ta ce ta fi son nan, akwai iska. Na zauna ina kallo. Ma'aikaciyar da ta zo duba matan ɗakin da hannu ta taɓa kowa. Da ta iso kan Haulatu sai ta tsaya ta sa safar roba.

Haulatu ba ta gani ba, ko ta yi kamar ba ta gani ba. Numfashinta ya zama gajere, magana biyu sai ta huta. Duk da haka ta ce, "Malam mai goro, ina jinina? Ko ka kai kasuwar Bodija ka sayar?"

Na ce yana kan wuta, bai nuna ba.

Ta yi murmushi. Can ta ce, "Yayanka fushi yake da ni?"

Na ce aiki ne ya yi masa yawa.

Ta ce, "Ina ganin inuwar hularsa a labule. Ka ce masa ni ba na cizo."

Leɓenta fari. Tafin hannunta fari. Yaron yana motsi, ina ganin zanen yana ɗagawa.

Litinin, da asuba

Wuya ba komai. Hammata ba komai. Ban san abin da nake nema ba.

Laraba, 22 ga wata, bayan azahar

Tsagar ta warke, sai na koma. Sista ta soki yatsa ta ɗiga. Ya nutse har ƙasa, bai ko tsaya gaisawa ba. Na fara naɗe hannun riga.

Ba ta ɗauko leda ba. Ta tashi ta tura ƙofa, ta zauna, ta sa tabarau.

Ta ce, "Ranar da aka yi muku ƙahon nan, aska ɗaya ce?"

Na ce ɗaya ce.

"Wa aka fara yi wa?"

Na ce babba ake fara yi wa.

Ta gyaɗa kai kamar mai jin abin da ta riga ta sani. Ta ce 'yar kwalbar da ta ɗiba ranar farko an gwada, lafiya lau. Amma akwai abin da in ya shiga ta tsaga ba ya nuna kansa da wuri, sai ya yi watanni yana kwance. Ba za ta karɓi jinina ba sai bayan wata shida, an sake gwadawa.

Na ce, "Wane abu?"

Ta ce, "Ba a bakina za ka ji ba, aburo."

Na ce Haulatu ba ta da wata shida. Ta ce ta sani, in nemo wasu, ko su wane ne, in dai masu lafiya ne.

Na fito na zauna a baranda. Duk hantar da na ci. Duk ugun nan.

Abin da ya tsaya min shi ne wannan. Ta ga tsaga a bayana tun ranar farko, ba ta tambayi aska ba. Yau ta tambaya. Wani ya je ya gaya mata. Mu huɗu ne a tsakar gida ranar: ni, Inna, Yaya, Ɗanbaba. Inna ba ta jin Yarbanci ko Turanci. Ɗanbaba ko gawarsa ba ya so a kai asibiti.

Alhamis, 23 ga wata, bayan magariba

Na ce wa Inna sun ce nawa har yanzu bai kai ba. Ƙarya ta farko da na yi mata tun ina yaro, ta fita sumul, abin ya ba ni tsoro.

Ta ce dama ta san za a rina a wurin mutanen nan, sun shanye na babban yanzu suna ja mana rai. In ba za su karɓi na gida ba, ranar Litinin za ta je ta ɗauko yarinyar mutane ta dawo da ita ɗakinta, a kira ungozoma, a yi rubutu. Ita ta haifi shida a kan tabarma ba wanda ya ƙara mata ko cokali.

Likita ya ce ranar Litinin ɗin za su shiga da ita, in akwai jini. Yaron da yake a gicciye ungozoma ba ta da yadda za ta yi da shi. Wannan ko ni na sani.

Juma'a, 24 ga wata, da la'asar

Na hau ɗanfo, 'yar bas ɗin haya, zuwa Ojoo. Na same shi a bayan wata babbar mota roka da ake wa lodin goro, yana zaune a kan taya, ba ya lodin, kallo kawai yake. Da ya gan ni bai yi mamaki ba. Ya matsa min wuri, ya matsa da yawa.

Na ce, "Yaya, Sista ta ƙi nawa."

Ya ce, "Na sani."

"Kai ka gaya mata zancen aska."

Ya jira wani ɗan kamasho ya gama kiran Kano, Kaduna, Zariya. Sannan ya ce, "Ni ne."

Na ce, "Matarka ce fa a kwance."

Ya ce, "Naka firji za shi, Maharazu. A ɗauko a sa wa ɗan wani, ko matar wani. In bar shi ya tafi ina sane?"

Na ce ranar nan na gan shi da mutanen gindin mangwaro. Ya ce sun tare shi ne, ya ce musu Allah ya ba da kasuwa. Ya ce shi da ya ga abin da jini yake ɗaukowa ba zai saya mata na wanda bai sani ba a bakin titi.

Na ce, "Me suka ce kana da shi?"

Ya faɗa. Sunan da ake faɗa a rediyo ne. Ba zan rubuta ba.

Ya ce, "Ranar da suka gaya min ban tuna kaina ba, ban ma tuna ita ba sai daga baya. Ƙwaryar ƙahon nan na tuna. Da ka ce kai za ka fara, da na bar ka."

Na ce ba a taɓa yin haka ba, ƙane ya riga wa zama.

Ya ce, "Ba a taɓa ba."

Sati biyu ina binsa da ido ina ɗora masa laifi kala-kala, wannan ne kaɗai ban ɗora masa ba. Na tambaye shi ko Haulatu ta sani. Ya ce sun ɗebi nata su ma, ba su ce masa komai ba tukuna, shi kuma bai iya tambaya ba.

Na ce zan kai Abdulsalam. Ya ce in kai shi. Na ce saura Inna. Ya ce Inna tasa ce, shi zai yi mata magana.

Da zan tafi na miƙa masa hannu. Ya dube shi, ya dubi nasa. Na riƙe shi da ƙarfi na ƙi saki sai da ya ce to ya isa, kada 'yan tasha su ce bashi nake binsa.

Asabar, 25 ga wata, da hantsi

Abdulsalam bai tambaye ni me ya canja ba. Ya ce kawai, "Tsohuwa ta yarda da barkono ke nan?" Ya zo da ƙaninsa mai gyaran rediyo a unguwar Mokola. Nasu duka ya nutse. Na ga ledar tana cika, baƙi-baƙi, ba ja ba kamar yadda nake zato. Ƙanin ya rufe ido yana ta salati, Abdulsalam yana yi masa dariya, sai shi ne jiri ya kwashe da ya tashi.

Sista ta ce in gwajin nasu ya fita lafiya, Litinin da safe za a saki biyu daga firji.

Lahadi, 26 ga wata, bayan la'asar

Yaya ya zo gida. Inna tana daka a bayan ɗaki. Ya shiga wurinta, ni na zauna a zaure. Ban ji maganarsu ba. Taɓarya na ji tana tafiya, tana tafiya, sai ta tsaya.

Ba ta sake tashi ba.

Da ya fita na shiga ɗaukar buta. Tana zaune a ƙasa kusa da turmi, geron rabin daka, kaji suna ci ba ta kore su ba. Ta ce in zo. Ta juya ni, ta ɗaga min riga ta baya, ta daɗe tana kallon tabon. Ta ce, "Ni na aika a kira shi."

Na ce, "Inna, gyara kika yi niyya."

Ta sauke min rigar. Na ce mata gobe za a sa wa Haulatu jini, ba na gida ba ne.  Da magariba na ga ta ninke zanen Haulatu da mayafinta ta sa a jaka. Na zuwa asibiti ne ko na dawowa da ita gida, ban sani ba. Ban tambaya ba.

Litinin, 27 ga wata, da yamma

Mun isa tun ana sharar baranda. Inna tana gaba da jaka a hammata, ba ta yi wa kowa magana a mota ba. Yaya ya riga mu zuwa. Yau a cikin ɗaki na same shi, zaune a bakin gado. Haulatu tana ce masa, "Ashe ka san hanyar ƙofa." Da ƙyar maganar take fita.

Inna ta ajiye jaka a kan gado ta zuge zif. Na matsa kusa da ƙofa, ban san me zan yi ba in ta ce tashi mu tafi. Ban taɓa tare mata hanya ba.

Sai ga Sista da kanta, da leda a cikin ɗan faranti. Ta ce gwajin su Abdulsalam ya fita lafiya. Wannan za a fara sa mata kafin a shiga, ɗayar tana jira. Amma daga firji take, in aka sa da sanyinta zai kama mata jiki, wani ya rungume ta a jikinsa ta ɗan yi ɗumi. Ta miƙo min.

Inna ta ce, "Tambaye ta na wane ne."

Na tambaya. Sista ta juya ledar ta nuna, babu suna, lamba ce kawai da harafi.

Inna ta ce, "Na yaron nan abokinka ne?"

Na ce a'a, nasa yana firji, wani zai samu. Wannan ba wanda ya san mai shi.

"Musulmi ne?"

Na ce ba a rubuta ba.

"Mace ko namiji?"

Na ce shi ma ba a rubuta ba.

Ta dubi Haulatu, ta dubi leɓen nan. Ta dubi Yaya, ya sunkuyar da kai. Ni ledar tana hannuna, sanyinta har cikin ƙashi, ina ƙoƙarin cusa ta a hammata.

Inna ta ce, "Kai me gare ka da za ka ɗumama abu, duk ƙashi. Kawo nan."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta kwance bakin zane ta kwantar da ledar a kan fatar cikinta, ta mayar ta ɗaure, ta rufa mayafi. Sanyin ya sa ta ja numfashi ta haƙora. Ta zauna a kan kujera ta dafe wurin da tafukanta, tana ɗan rausaya gaba da baya, bakinta yana motsi.

Da Sista ta dawo karɓa, Inna ta sa hannu ta taɓa ta ce, "Gaya mata ta ɗan ƙara jira. Gefe ɗaya bai yi ba tukuna."